Ruwan Legas ba shi ne ruwan gida ba: yadda shekarar ƙauye take tafiya, da lokacin da ya kamata saƙonka ya isa

Wata ranar Juma'a cikin watan Mayu ina zaune a shago a Agege, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika har ta kawo bakin ƙofa, sai kiran Yaya ya shigo daga gida. Na ƙure muryar wayar saboda ƙarar kwano. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, ya ruwa?" Ya yi dariya ya ce, "Wane ruwa kuma? Mu nan ko ɗigo ba mu gani ba. Zafi ne kawai, ɗaki ba ya kwantuwa." Babban ɗana, wanda a nan Legas aka haife shi, yana gefe yana saurare. Da na ajiye wayar ya ce, "Baba, ya za a ce ba ruwa a gida, mu kuwa tun watan Maris ake yi mana? Ba ƙasa ɗaya ba ce?"

Na yi masa dariya a lokacin, amma daga baya na ga ban da bakin yin dariyar. Shi yaro ne, bai taɓa ganin damina a ƙauye ba. Ni da na tashi da fartanya a kafaɗa, zaman Kurmi ya sa lissafin ya kuɓuce mini, har na jawo wa gidanmu asarar shekara guda.

Ga yadda aka yi. Shekarun baya, Yaya ya kira ni a farkon watan Mayu ya ce in taimaka da kuɗin taki tun da wuri. Na ce to, ya bari wata ya ƙare. Wata ya ƙare, kuɗin hayar shago ya taso. Na gama da wannan, kuɗin makarantar yara ya biyo baya. A raina ina cewa ai damina doguwa ce, don a nan inda nake ana fara ruwa tun Maris ko Afrilu, a kai har Oktoba ana yi. Sai a ƙarshen watan Yuli na tura kuɗin, cif-cif yadda na saba, ban rage ko kwabo ba, har ina jin na yi abin kirki. Yaya ya kira ya yi godiya, sannan ya ce, "Saƙonka ya iso, Allah ya saka da alheri. Sai dai gona ba ta jira ka ba." Gero ya riga ya yi kara, lokacin taki ya wuce, rumbu kuma ya yi ƙasa. Kuɗin takin hatsi aka auna da su a kasuwa, a lokacin da ya fi kowane lokaci tsada. Da kaka ta yi, abin da aka ɗaure bai kai gidan ko'ina ba, tun kafin bazara ta ƙare aka koma awo. Wa aka sake kira? Ni. Abin da na kashe a wannan shekarar ya ninka kuɗin takin da na ja wa rai.

Shi ya sa na ga ya dace in zauna in warware wannan lissafi, saboda 'yan uwa da ke Sabon Badun, da Shagamu, da Idi-Araba, da Mile 12, da Anacha, da Ama Hausa ta Owerri, da Fatakwal, waɗanda kusan kowannenmu akwai gidan da ke sauraren wayarsa a Arewa. Ƙauyenmu yana arewacin Jigawa, tsakanin Gumel da Maigatari, ƙasar rairayi da gero, don haka da lokutan can zan yi misali. Wanda gidansu yake wajen Zariya ko kudancin Bauchi sai ya jawo lissafin baya da kamar wata guda, don su sukan riga mu samun ruwa, kuma nasu yakan fi daɗewa.

Me ya sa ruwan nan da na gida ba sa zuwa tare?

Amsar da na ba ɗana ita ce, iskoki biyu ne suke karɓa-karɓa a kan ƙasar nan. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika, wannan da muke gani a Legas, tana ɗauke da laima. Ɗayar tana gangarowa daga hamadar Sahara, busasshiya ce mai ƙura. Duk inda iskar teku ta yi rinjaye, nan ake samun hadari. Daga watan Maris takan fara tura ta hamada baya, tana hawa arewa sannu a hankali: ta jiƙa Legas da Fatakwal, ta wuce Ilori da Lakwaja, ta kai Abuja da Kaduna, sai a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni ta iso mana Kano da Katsina da Jigawa. Cikin watan Agusta ne take kai ƙarshen hawanta. Wannan ɗan tsaikon ruwa da mukan gani a Legas da Badun daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, inda gari zai yi lumshi amma ba ruwan kirki, to ruwan can gida ya tafi, lokacin ne ake marka. Daga Satumba sai ta fara janyewa, ta bar mu, ta sake bi ta kan Kudu ta ba su zagaye na biyu. Iskar hamada ta biyo bayanta, ita ce hunturu, wadda ɗan guntunta ne kawai yake isowa Legas a Disamba da Janairu.

Ka ga ke nan manomin Kudu yana da wata bakwai ko takwas na ruwa, yana iya noma masara sau biyu a shekara. Namu na gida wata huɗu gare shi, wani lokacin ma ba ya cika. Abincin da za a ci wata goma sha biyu a cikin waɗannan kwanaki ake nemansa. Mako biyu a wurinmu nan ba komai ba ne, a wurinsa kuwa babban yanki ne na damina.

Bazara: aikin da ake yi kafin a ga ruwa

Daga Maris zuwa Mayu zafi ne zalla. Da rana ƙasa ba ta takuwa ba takalmi, da dare kowa tsakar gida yake shimfiɗa tabarma. Wanda ya zo baƙunta zai ɗauka ba a komai, alhali a wannan lokacin ake ɗaura wa damina aure. Maza suna sharar gona, su sassabe sabara da geza da suka tofo, su tara tushiya su ƙone. Ana kwashe takin turke da na bola da tokar murhu, a loda a mangalar jaki ko amalanken shanu, a kai gona a zuba tsibi-tsibi. Ana kai fartanya da garma da sungumi maƙera a yi musu baki, a sa musu ƙota. A sauko da irin da aka rataye tun kaka a duba ko ƙwaro ya taɓa shi.

A cikin gida babban aiki ruwa ne. Rijiya takan ja baya, igiyar guga ta ƙara tsawo, wani lokaci sai an kira masu yasa. In famfon unguwa ya lalace, mata da yara su ne za su yi ta jigila tun asuba. Dabbobi sun rame, harawar da aka ɗora a kan rumfa ta kusa ƙarewa, sai dusa da 'ya'yan gawo. Shi gawo ikon Allah ne, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gonarsa, gero ma ya fi kyau a ƙarƙashinsa. A wannan lokacin ne kuma ɗorawa take nuna, a samu kalwar daddawa. Sannan lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, don haka in an ce maka yaro yana zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ka ce a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Tsofaffi suna da alamunsu. In shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a kan bishiyoyin gari, in iska ta juya, in aka fara ganin walƙiya can nesa da daddare, sai ka ji ana cewa ruwa ya kusa. Yanzu ga hukumar hasashen yanayi ta NiMet, wadda a farkon kowace shekara take fitar da hasashen lokacin da ruwa zai sauka da lokacin da zai ɗauke a kowace jiha. Mu da muke da babbar waya a hannu za mu iya dubawa mu faɗa wa na gida, su haɗa da abin da idonsu ya gani.

Kuɗin taki da na iri da na gyaran kayan aiki, watan Afrilu ne lokacinsu. Da zarar an yi ruwan farko kowa zai ruga kasuwa, buhu ya tashi, wani lokaci ma a neme shi a rasa.

Damina: daga shuka zuwa maimai

Ruwan farko yakan zo da iska mai ƙarfi daga gabas, gari ya yi ja da ƙura, kwanon da bai kafu ba ya tashi. Ba kowane ruwa ne na shuka ba. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan fita da asuba ya tona ƙasa da hannu, in laima ta kai tsawon tafin hannunsa ko fiye sai ya ce a fito da sungumi. Namiji yana gaba yana sara, mata da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Wasu ba sa jira, sukan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa ya zauna yana jiran ruwa. In an dace, mai binne ya riga kowa. In kuwa aka yi ɗan yayyafi ya tsiro sannan ruwa ya ɗauke kwana goma sha, ya ƙone, sai an sake sabon iri. Saboda haka in Yaya ya kira ka ya ce "mun sake shuka", ka sani iri ya tafi sau biyu, kuma damina ta ragu.

Gero ake fara shukawa, dawa ta biyo, sai gyaɗa, daga baya a sa wake a tsakanin layuka. Bayan kamar mako biyu zuwa uku da tsiro sai noman firi, wanda shi ne ya fi kowanne muhimmanci, don ciyawa tana tsere da shuka ne a kan ruwa da taki. A nan ake rage shukar da ta yi cunkoso, a yi dashe a inda bai fito ba. A daidai nan ake so takin NPK ya shiga ƙasa. Bayan wasu makonni sai maimai, a bi da yuriya lokacin da shuka ta kai kamar mako biyar zuwa shida. Wanda ya zo da taki bayan gero ya fara ciki, ihu ne bayan hari. Wannan shi ne abin da ya same ni.

A da gandu yana da hannaye da yawa. Da safe kowa ya yi aikin gandu, da yamma ya wuce gayaunarsa. In aiki ya fi ƙarfin gida a kira gayya, a dafa abinci, samarin unguwa su taru su cinye gonar a wuni ɗaya. Yau ina samarin? Muna nan Kurmi, wani yana acaɓa, wani yana gadi, wani yana tura baro, wani yana shago kamar ni. Gurbin da muka bari 'yan ƙwadago ne da masu garmar shanu suke cike shi, su kuma a ranar ake sallamarsu. Don haka kuɗin noma na watan Yuni da Yuli ba kyauta ba ce muke yi, kuɗin hannunmu ne da babu shi a gonar.

Matan gida ma aikinsu ƙaruwa yake. Dabbobi duk an ɗaure su a turke don kada su shiga gonar mutane, kullum sai an yiwo musu ciyawa. Itace ya jiƙe, hura wuta ya zama aiki. Ga kai abinci gona da hantsi, ga ɗan fegin kuɓewa da yakuwa da rama a bayan gida, ga kaji da zabi da ake tsarewa daga shirwa.

Marka: gari kore, rumbu fayau

Wannan shi ne abin da ya fi wuyar fahimta ga wanda ya tashi a birni. Watan Agusta ne ƙauye ya fi kyau, ko'ina kore, tafkuna sun cika, kwaɗi suna ta kuka. Kuma shi ne watan da aka fi jin yunwa. Hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, tiya ta kai ƙololuwar tsada, hanya ta lalace mota ba ta shigowa. Gidaje da yawa tuwon dare kawai ake yi, da rana a yi kwaɗon tafasa ko zogale ko rama da ɗan ƙuli-ƙuli. Inna ba za ta taɓa faɗa maka wannan a waya ba. Za ta ce, "Lafiya lau muke, ya yaran?" Sai ka yi wa matar Yaya ko ƙanwarka tambaya a kaikaice kafin ka gane sau nawa ake ɗora tukunya.

A wannan watan ne ake faɗawa bashin da yake cin gida. Mutum ya karɓi kuɗi ko hatsi a hannun mai hali, da sharaɗin zai biya da amfanin gona in kaka ta yi, a farashin kaka. Kafin ya girbe, an riga an raba gonar da shi. Shekara mai zuwa rumbunsa ya ƙara saurin ƙarewa, ya sake komawa.

Lokacin sauro ne kuma. Zazzaɓi yakan kwantar da manya a tsakiyar aiki, ya kuma yi wa ƙananan yara mummunan kamu. A jihohin Arewa ana bi gida-gida da damina, wata-wata, ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ka tambaya ko an zo, ko an ba su, ko an cika kwanakin, ko gidan sauron nan ana ɗaurawa ko an kai shi lambu an yi shinge da shi. Sai maganar gini. Ruwan marka yakan kwana yana zuba, katangar ƙasa ta sha ta ƙoshi, indararo ya toshe, soro ya fara yoyo. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, yadda ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa da wasu jihohi da dama. Ɗakin da ya faɗi a Agusta, tun watan Fabrairu yake neman a gyara shi.

Kaka: wata biyu na yalwa da gaggawa

Cikin Satumba gero yake nuna. Alamar farko ita ce tumu, yara su karyo zangarniya su gasa a wuta su murje, ranar ne fuskar kowa take sakewa. Kafin nan an sha fama da tsuntsaye, musamman jan-baki, yara suna kan rumfa a gona tun safe suna kaɗa gwangwani. Sai a kwantar da gero, ya sha iska, a yanke kai, a ɗaure dami-dami a kwaso gida. Gyaɗa ta biyo, a cire ta, a shanya, a tsinke. Wake ana roronsa sau biyu ko uku don ba ya nuna lokaci ɗaya. Dawa ita ce 'yar auta, sai ta sha raɓa, cikin Nuwamba ake yanke ta. A nan ne ake fitar da zakka in amfani ya kai nisabi: kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka yi wa ban-ruwa da wahala.

Ba hatsi kaɗai ake girba ba. Harawar wake da ta gyaɗa ana naɗe ta a ɗora a kan rumfa ko reshen bishiya, ita ce abincin dabbobi har bazara, kuma kuɗi ce in ta yi tsada. Karan dawa ana tara shi don danga da rumfa da makamashi. Mata suna yanka kuɓewa suna shanyawa, ana tsinke zoɓo da barkono, ana tara ganyen kuka. Duk miyar da za a sha da rani a wannan lokacin ake ajiye ta. Turmi ba ya hutawa: sussuka, shiƙa, surfe, daka.

Haɗarin kaka shi ne arha. Kowa yana da hatsi, kowa yana da buƙata, ga masu bin bashi, ga bukukuwan aure da aka ɗaga sai bayan girbi. Sai a yi ta ɗiba ana kaiwa kasuwa a lokacin da farashi ya fi faɗuwa. 'Yan kasuwa su saya su tara, ya bi manyan motoci zuwa Dawanau, daga can wani ya gangaro mana nan Bodija da Mile 12. Watan Agusta na zagayowa, manomin da ya sayar ya dawo yana auna irin hatsin nan da tsada.

Abin da nake yi yanzu shi ne, a watan Nuwamba nake tura kuɗin abincin marka, ba a Agusta ba. Yaya ya auna gero da dawa da wake lokacin suna arha, a ajiye da sunan ba mai taɓawa sai ruwa ya yi tsakiya. Gero a dami yakan daɗe a rumbu in an tsare shi daga gara da ɓera. Wake ne mai wuyar sha'ani saboda ƙwaro, amma akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowane ninki tam, iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu da kansa ba tare da an zuba magani ba. Ya fi a yi ta barbaɗa wa abinci guba, wadda mu ɗin nan ne za mu saye shi a kasuwar Kudu mu ci.

Hunturu da rani: gyara, lambu da tafiya

Daga Disamba iskar hamada take sauka sosai. Hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, da asuba ruwan alwala kamar ƙanƙara. Tsofaffi da jarirai su ne abin ji, tari da ciwon haƙarƙari sun fi kama su a wannan lokacin. Bargo da rigar sanyi ɗaya da za ka sayo a gwanjon Katangowa ka ba direba ya kai, sun fi wata babbar tsaraba da za ka riƙo da salla. Lokacin gobara ne kuma, don ana kwana da garwashi a ɗaki, ga kara da harawa jibge a ko'ina, ga iska.

Da an gama kwashe amfani sai a saki dabbobi su shiga gonaki su ci abin da ya rage. A da manomi da kansa yake gayyatar Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, har a ba shi hatsi a kai. Rikici yakan tashi ne galibi in shanu sun iso alhali dawa ko wake suna gona ba a kwashe ba, shi ya sa jinkirin girbi saboda rashin kuɗin 'yan aiki ba ƙaramin abu ba ne.

Janairu da Fabrairu su ne watannin gini. Tafki bai gama ƙafewa ba, akwai ruwan kwaɓa ƙasa, ga rana da iskar da za su busar da tubali. A yi yaɓe, a sake jinka, a canza azarar da gara ta ci, a ɗaure danga, a gyara rumbu. Tun ran gini tun ran zane. Wanda yake son ya sa wa Inna kwano a ɗaki, yanzu ne, kada ya bari sai an kira shi da daddare a watan Agusta.

Masu fadama da waɗanda ke kusa da madatsun ruwa, irin mutanen Kura da Kadawa da ke shan ruwan Tiga, su a lokacin ne sabon aiki yake farawa: tumatir, albasa, attaruhu, alkama. Mu da ke Mile 12 mun san wannan ba sai an faɗa mana ba, don kwandon tumatir yakan yi arha daga Janairu zuwa Maris, ya yi tashin gwauron zabi in damina ta kama a Arewa. Wanda ba shi da fadama kuwa sai ya ɗaure jaka ya taho cirani. Da yawanmu da haka muka zo, da niyyar in shamuwa ta dawo mu ma mu koma. Wasu suna komawa har yanzu, shi ya sa za ka ga unguwanninmu sun yi sauƙin jama'a daga watan Mayu. Wasunmu kuma shekara ta zama ashirin.

Abin da zan bar mu da shi

Akwai wani kuskure da nake yawan gani. Mun saba haɗa aike da azumi da salla, alhali watannin Musulunci suna matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara, gona kuwa da rana take lissafi. Wata shekarar salla za ta faɗo da kaka, lokacin da gida ba ya cikin matsi, wata shekarar ta faɗo da bazara. A yi aiken salla, wannan zumunci ne. Amma kada ya cinye na gona.

Ni dai a bangon shagona na rubuta abu huɗu da alli. Fabrairu, gyaran ɗaki da rumbu. Afrilu, taki da iri. Yuni zuwa Yuli, kuɗin noma. Nuwamba, awon ajiya. Na kuma ware ɗan abin da ba na taɓawa saboda magani a watan Agusta. In an haɗa duka bai wuce abin da nake turawa a da ba, bambancin kawai yanzu yana isa a ranar da ake buƙatarsa. Na san ba kowa ne yake da hali ba, kasuwa ta yi wuya, haya ta tashi, kuɗin mota ma abin tsoro ne. Na kuma san akwai 'yan uwanmu na wasu yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato da matsalarsu ta wuce ta taki, gonar ce ma ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, Allah ya kawo musu sauƙi. Amma wanda yake da dubu biyar ɗin da zai aika, ya san watan da za ta fi amfani.

Sannan mu gyara tambayoyinmu a waya. "Ya gida?" amsarta kullum "lafiya" ce. Ka ce, "Yaya, an yi ruwan shuka? Ya tsiro ko an sake? An gama firi? Dami nawa ya rage a rumbu? Ɗakin Inna yana yoyo?" Wanda ya ji ka yi masa irin wannan tambaya ya san kana tare da shi, kuma zai faɗa maka gaskiya ba tare da ya ji kamar roƙo yake ba.

Shi kuma ɗan nawa, da aka yi dogon hutu na sa shi a mota ya je ya yi marka a wurin Baffansa. Ya dawo da kanta a hannu da ƙunshin tumu a leda, yana ba ƙannensa labarin kwaɗon tafasa. Da aka fara ruwa a Legas bana, shi ne ya leƙo shago ya ce, "Baba, Afrilu fa ta kama, ka tura wa Baffa kuɗin taki?"

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare na gida da na daji, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.